Ranar da Na Yi Wa Surukata Tafinta

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don tsoron kada wani ɗan garinmu ya gane ni. Amma tsufa ya rage mani kunya, kuma ranar nan ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Wata lokotoro, wato dakta, da muke kira Madam ta zo Tasawa tana bincike: me mutane ke kashewa in ciwo ya kama su, kuma ko suna warkewa. Ba ta jin Hausa, ni kuwa na yi lakwal, makarantar boko ta Faransanci, har aji shida, sai aka ɗauke ni tafinta. Ladana buhun dawa ne duk wata, shi kaɗai ke tsakanin iyalina da yunwa. Doka ɗaya ce: wanda ya tsallake gida ko ya sauya amsa, a bakin aikinsa. An riga an kori mutum biyu da suka cika takardunsu a gindin bishiya. (Ni kuwa ko tambayar da na yi daidai sai na maimaita, don zuciyata ta kwanta.)

Rannan muka shiga wani ƙauye kusa da Hawandawaki, Madam tana ƙidaya gidaje tana zaɓen na biyar. Na biyar ɗin gidan surukata ne, matar da ko a hanya na hango sai in ratse cikin gona. Na ce da Madam akwai mugun kare a ciki. Sojan da ke tuƙa mu ya leƙa, ya ce ko kaza babu.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa a bayan zana, Madam ta shiga ta zauna da Inna a tabarma. Daga can nake jefa tambaya.

"Inna, wai cikin wata ukun nan, wa ya kwanta ciwo a gidan nan?"

"Mutum guda ne," in ji ta. "Wanga da ke magana bayan zana."

Gaskiya ce. Na zo gaisuwa wata biyu baya, gudawa ta kayar da ni a zaure. Na yi tunanin in ce wani baƙo ne. Na tuna buhu, na tuna Lahira, na ce da Madam da Faransanci: ni ne. Ta rubuta sunana, ta ce a ci gaba, sau nawa yake fita a yini?

"Sau tara," in ji Inna, "ban da wanda bai kai ba."

Na fassara. Sojan ya koma bayan mota, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Da aka zo kan kuɗi na samu numfashi, na ce a likita, wato asibiti, kyauta aka duba ni, haka ma yake a littafinsu. Madam ta ce ba ni ta tambaya ba.

"Kyauta?" in ji Inna. "Amalanken da ya kai shi kyauta ne? Maganin da suka ce babu, a sayo kanti, kyauta ne? Akuyata ta tafi. Ɗiyata ce ta ce kar a faɗa mashi, damuwa gare shi."

Wannan kam ban sani ba. Na fassara shi da murya kamar ta sauro. Tambaya ta ƙarshe: ya warke?

"Ta dube shi mana. Ya warke har yana tuhumata."

Na tabbata aiki ya ƙare, don wa zai riƙe tafintan da ya fara da ƙaryar kare? Sai ga Madam ta tara mu duka washegari. Ta ce wata guda tana rubuta kyauta, kyauta, alhali awakin mutane na tafiya. Ta ƙara tambaya sabuwa a takarda, "Me kuka sayar?", ta sa aka koma gidajen baya duka. Ta kuma ce wanda bai sauya amsa a kan cikinsa ba, ba zai sauya ta kowa ba. Aka ba ni shugabancin masu tambaya, buhuna bai yanke ba har damina ta faɗi.

Abin da na koya shi ne gaskiya tana ciyar da gida, sai dai tana fara tuɓe wa mai gidan wando.

In akwai mai karatu da ya san inda takardun binciken nan suka kwana, don Allah ya sanar da ni. Ina so in ji ko an rage wa talaka tsadar magani. Ina kuma so in san ko an goge sunana daga layin sau tara.