Gashin Hular Mai Ƙaho

"Lafiya lau, amarya. Ina saƙona?"

Tsohon na zaune bakin taga, hularsa ta 'yan badujala a kan gwiwa. Shekara talatin ya yi yana busa ƙaho a ƙarƙashinta. Jikarsa tela ta dire jaka.

"Wane saƙo, ango mara haƙori?"

"Gashi na ce ki sayo min."

"Ai na duba kanka, na ga kasuwar nan ta daɗe da tashi. Ko na wuta kake nufi? Da me za ka tauna?"

"Ji 'yar nema! Na tsuntsu. Fari, dogo, na goshin hula."

"Tsuntsun da ya ji kai ne, cewa ya yi gara ya ba tsintsiya."

"Ƙarya kike. A zamanina jimina da kanta ke figewa ta aiko min, har da gaisuwa."

"Zamanin da ake kwana uku kafin rana ta fito?"

Tsohon ya dubi hular. Yatsansa na shafa 'yar kafar da tsohon gashin ya bari, idonsa na can wani titi mai rana, ganguna na tashi.

"Kakarki ba fuskata ta fara gani ba," ya ce a hankali. "Gashin ta hango yana rangaji saman kawunan mutane kamar hayaƙi, ta bi shi titi uku da takalmi ɗaya. Jiya kuwa ta dube ni, ta ce bawan Allah wa kake nema?"

Jikar ta sunkuyar da kai. Ta zaro wani dogon ƙunshi na jarida. Shago shida ta shiga kafin ta samu.

"Ga shi."

"Gashi ko ga shi?"

"Duka biyun. Kawo hular, kar ka ɓata min aiki."

Ta ɗinke shi tsaf. Ya kafa hular, ya miƙe da ƙyar, gashin na lilo.

"Yaya kika gani?"

"Zakaran da ruwa ya daka."

Ya taka zuwa ƙofar ɗakin matarsa. Tsohuwar ta ɗago daga matashi, ta daɗe tana kallon saman kansa. Sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"Mai ƙaho! Yi ƙasa da murya, babana na gida."

Tsohon ya waiwayo yana dariya, ido cike da ƙwalla.

"Kin ci, yarinya. Ja mana ƙofa, zance na zo."