Rasuwar Ɓeran Usta Shahata da Makomar Haƙoransa Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya mamaye ɗan gurbin da ya rage a cikinta, Usta Shahata Abul-Enein, kafintan da gwaninta ta ba shi laƙabin Usta a layin masu ƙofofi na birnin Dumyat, yake sanar da abokan sana'a da maƙwabta, har da waɗanda ba su cancanci a sanar da su ba, rasuwar abokin aikinsa na shekara arba'in da shida: magogin nan mai yanka siririn kwari a gefen katako domin allon ƙofa ya shiga ya zauna, wanda a nan muke kira ɓera saboda yadda yake gaigayar itace.

Marigayin ya kasance mai gaskiya. Bai taɓa kauce wa layi ba, ko da hannun da ke tura shi ya gaji. Bai nemi wutar lantarki ba, bai cika wa kowa huhu da ƙura ba, bai taɓa cire wa ɗan Adam yatsa ba, abin da injinan wasu mutane ba za su iya rantsuwa a kansa ba. Maganarsa biyu ce tak a duniya. Idan aka zura masa haƙori, wato ƙarfen da yake yanka da shi, aka buga ɗan itacen da ke matse shi, sai ya ce "ƙwas". Idan ya kama hanya cikin katako, sai ya ce "shuuu, shuuu", yana fitar da ɓawo siriri mai naɗewa kamar taliya.

Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma an san hannun. Medhat, mijin 'yar Usta, mai shagon kayan ɗaki mai gilashi a bakin titi, shi ya zo ya ce, "Baba, ara mini tsohon nan na kwana biyu in ajiye a taga, masu saye suna son ganin kayan da." Usta ya cire haƙorin da ke ciki, ya ba shi gangar jikin, domin a lokacin yana zaton wanda ya auri 'yar kafinta ya san bambancin kayan aiki da kayan ado. Medhat ya sa aka goge shi da samfefa har zufar shekaru ta fita, aka shafe shi da fenti mai ƙyalli, aka datse hannayensa biyu domin sun yi wa kanta tsawo, sannan aka huda cikinsa aka zura waya aka ɗora masa ƙwan fitila a ka. A kwana na tara zafin fitilar ya tsaga shi tun daga baki har wutsiya. A cikin leda aka dawo da gawar. Medhat ya ce, "Wallahi Baba, kafin ya fashe kowa sai ya tsaya ya ɗauke shi hoto." Wannan ita ce ta'aziyyarsa, kuma an adana ta.

Marigayin ya bar haƙora takwas na baƙin ƙarfe, naɗe cikin tsohuwar fatarsu. Ƙaraminsu bai fi tsinken ashana faɗi ba, babbansu ya kai babban yatsa. Na huɗu ya fi sauran gajarta, domin shi ya fi shan aiki da wasawa. Ya kuma bar aiki a kan teburi: kabad ɗin auren Salwa, jikar Usta, 'yar shi wannan Medhat ɗin. Ƙofofi shida ne, an yi wa biyu kwari, huɗu suna jingine, biki kuwa saura mako uku. Uban amarya ya ce injinsa zai gama su kafin shayi ya huce. Amarya ta ce, "Kaka, na hannu nake so, irin na Mama da na Hajiya. In na inji ne, ai gidanmu cike yake da su." Saboda wannan magana ce kaɗai ba a kori dukan zuriyar Medhat daga layin ba.

Masu cewa a sayi wani ɓeran a huta, su saurara. Kowane haƙori yana da ɗan tsagi a bayansa, wanda dole ya hau kan ƙarfen da ke ƙarƙashin ɓera daidai wa daida, kuma kowane maƙeri da irin nasa awon. Usta ya ɗauki marayun nan ya shiga mota har Iskandariya, ya bi masu tsofaffin kaya rumfa rumfa. Ɓera goma sha ɗaya ya gwada. A wani haƙorin ya yi rawa, a wani ya ƙi shiga, a wani ya shiga ya karkace. Wani dillali mai man gashi ya ce, "Hajji, ka kai su a rage musu baya a dutsen inji mana, su shiga kowanne." Usta ya tambaye shi ko idan takalmi ya matse ɗansa, ƙafar yaron yake sa a fafe. Wannan dillali ba ya cikin waɗanda ake gayyata.

A duk faɗin ƙasar nan jiki ɗaya ne ya rage wanda haƙoran za su zauna a cikinsa, kuma yana shago na biyar daga na Usta, a hannun Usta Gharib, wanda ba su gaisa ba shekara talatin da ɗaya. Tare suka koyi aiki a wurin marigayi Usta Hanafi, mai ɓera biyu ƙirar hannu ɗaya da naɗin haƙora ɗaya. Da ya rasu, kowannensu ya ɗauki ɓeran da ya saba aiki da shi. Naɗin haƙoran kuwa ba a sake ganinsa a shagon ba.

Ranar Talata Usta Shahata ya taka shago biyar ɗin nan, sun fi masa hanyar Iskandariya nisa. Gharib bai tashi ba, bai ce a kawo shayi ba. Ya dubi fatar ya ce, "A'a, yau ɓarawo ne da kansa ya kawo kaya? Wa ya mutu?"

"Ɓerana."

"Allah Ya ji ƙansa. Nawa shekara talatin da ɗaya yana shan kunu, ba haƙori."

Gharib ya sauko da ɓeransa daga saman kanta, ya hure ƙura. Usta Shahata ya zura masa haƙori na huɗu, ya buga. Ɓeran ya ce "ƙwas". Sai Gharib ya zare haƙorin ya miƙa masa, ya mai da ɓeransa kanta.

"Na ji ka koyi rubutu da furfurarka, Shahata. To ka rubuta abin da ka yi, da hannunka, ka manna a gidan gahawa inda kowa zai karanta. Ran da na gani, ran nan ɓerana zai zo."

"Yarinya ce za ta yi aure, Gharib."

"To ka yi sauri."

Saboda haka, a cikin wannan sanarwa, wadda aka manna inda aka ce, Usta Shahata yana shaida cewa ranar da aka ɗauki gawar Usta Hanafi, shi ne ya sa naɗin haƙoran cikin rigarsa ya fita ta ƙofar baya, kuma huɗu daga cikin takwas ɗin na Gharib ne tun ranar. Yana ƙarawa da cewa a hannunsa ba su taɓa yin tsatsa ba, kuma duk wanda ya ga yadda Gharib yake wasa ƙarfe ya san an yi musu gata.

Za a binne marigayin ranar Asabar bayan la'asar, a gindin ɓauren da ke bayan shago. Ba za a yi masa salla ba, katako ne, Usta bai zare ba. Za a jera kujeru a ƙofar shago, a sha gahawa marar sukari. Medhat zai iya zuwa, amma a tsaye, kuma kada ya zo da fure ko wani abu mai waya. An ware kujera ɗaya kusa da teburin aiki, inda ƙofofi huɗu suke jingine. Mai ita ya san kansa. Ba a bukatar gaisuwarsa, ba a bukatar ta'aziyyarsa. Ya dai zo da abin da ke saman kanta, kuma ya zo da wuri, domin rana tana faɗuwa da sauri a layinmu.