Na Riga Baba Sale Ɗaukar Waƙa

A walimar auren ɗan ƙanwata, a wata istiraha, wato gidan biki na haya, da ke bayan unguwar Aziziyya, na zauna ina ta kushe Baba Sale da makaɗansa. Tun ina saurayi a unguwar Hindawiyya nake bin su biki-biki, kuma har yau waƙoƙin nan ne dai, a jere ɗaya, ba sa ko sauya musu wuri.

"Wallahi ko ina barci zan jero muku su," na ce wa abokaina. Na faɗi wadda za ta biyo baya, ta kuwa biyo. Na sake faɗa, na sake dacewa. Kaina ya kumbura.

Sai kiɗa ya tsaya, Baba Sale ya gyara murya. Na san a nan waƙar ango take shigowa. Na miƙe, na ɗaga hannu, na ƙwala amshinta da iyakar ƙarfina, har da karkaɗa kafaɗa.

Ba wanda ya amsa. Baba Sale ya dube ni, idonsa jawur, ya ce, "Jama'a, mai gangarmu na tun farko Allah ya yi masa rasuwa makon jiya. Ina roƙon a yi masa addu'a."

Kawuna ya fizgi gefen rigata. "Ijlis, ya shekh! Zauna, ka kashe mu da kunya."

Na shafa addu'a fuskata tana zafi. Ko lomar shinkafa ban iya ci ba.

Yanzu ko ta'aziyya za mu je, sai matata ta tare ni a ƙofa ta ce, "Maigida, don Allah yau ka bari liman ya fara."