Turaren Gumsu da Hancin Manya

Jiya, jama'a, a zaurena aka je gyaran gira aka rasa ido.

Tun da aka kafa kamfanin fenti a bayan unguwarmu, warin ruwan nan da suke tsinka fentin da shi, wai shi tina, ya zama ɗan gida. Iska na kaɗowa daga kogi, ido sai hawaye, kai sai sara. Bandar kifin maƙwabcina Kolo har ɗanɗanon sabon ƙyaure take yi. Maiɗakina Gumsu kuwa tari ya riƙe ta tun kaka, ba ta iya kai ƙarshen Fatiha ba tare da ta tsaya ba.

Muka sa aka rubuta mana takarda, muka dangwala. Bayan wata bakwai sai ga saƙo: manya na tafe daga birni su shaƙa da hancinsu mai albarka. In sun ji wari, za a sa kamfani ya rufe tankunansa.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Gumsu baƙi za su sauka a zaurena. 'Yar Barno ba ta jin an ce baƙi ta zauna. Tun hantsi ta tara matan unguwa, kowace da kaskonta, aka turare lungu da turaren wuta har jakin Kolo ya koma kamar ango.

Na ce, "Gumsu, wari fa suka zo ji."

Ta ce, "Malam, a gidana? A je birni a ce gidan 'yar Barno na wari? Gara tarin."

Azahar sai ga motoci uku. Mai girma Sarkin Shaƙa ya sauko da hankici a hannu, ya ja iska, ya lumshe ido, ya mayar da hankicin aljihu.

"Dattijo, wannan ne kuke kuka da shi?"

"Ranka ya daɗe, a taka zuwa bayan katanga, can warin yake."

Ya dubi laka, ya dubi takalminsa. Ya ce ilimi ya ci gaba, daga nan ma ana iya aunawa.

Kolo ya raɗa mini, "Ka ce Gumsu ta yi tari su ji."

Ta kuwa yi, daga bayan asabari, ba da gangan ba. Mai girma ya kaɗa kai ya ce ya gano cutar: hayaƙin kasko ne. Nan take ya sa magatakarda ya rubuta cewa iskar kamfani lafiya lau, amma daga yau an hana mata turare a unguwar, don kare lafiyar jama'a. Allah ya ƙara wa manya basira. Mu da ba mu yi boko ba, da sai mu zargi tanki.

Suka ci kifin Kolo, suka yaba, suka tafi da kwalbar turaren Gumsu guda, wai don bincike.

Yau wari ya dawo, tari na nan. Na shiga in yi mata faɗa, na tarar tana ta murna: a duk Haɗeja, nata turaren aka zaɓa.