Bogan Wake a Wurin Ciyayya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fita da bogan wake wurin ciyayya ba. Ni mutum ne mai saka abu a rai. Wata rana na ji a rediyo cewa yawan cin nama yana ƙara wa duniya zafi, wai har gyatsar shanu tana da hannu a ciki. Daminar shekarar kuwa ta makara a Gaya, gerona duk ya yi yaushi. Nan take na ɗora wa kaina laifi: ashe tsiren da nake ci ranar kasuwa ne ya riƙe ruwa!

Na ce wa matata Hansatu daga yau an rage nama a gidan nan. A shirin an koyar da boga marar nama: a dama dafaffen wake da albasa da attaruhu da garin ƙuli-ƙuli, a mulmula, a soya, a tura tsakanin burodi. Ta ce ba da hannunta ba. Sai na tsuguna gaban murhu da kaina (bayan na kulle ƙofar zaure, kada wani ya faɗo ya gan ni). Na farko ya wargaje, na biyu ya ƙone. Hansatu ta ɗaga ɗaya ta jujjuya shi.

"Malam, wannan ai ƙosai ne da ya tashi daga jinya."

A unguwarmu, bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gidan Liman, a haɗu a ci tare. Ba a tambayar mutum halin da gidansa ke ciki, daga kwanon ake ganewa. Ni kuwa ban yi wannan tunanin ba, na ajiye nawa ina ta murmushi.

Ɗanlami mahauci ya gatsa, ya tauna, ya buɗe burodin ya leƙa.

"Naman a hanya ya faɗi ne?"

Yaya zan dubi mahauci in ce sana'arsa ce ke hana ruwa? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Mun dai ɗan rage ne."

Liman ya ce, "Allah ya rufa asiri," da irin muryar da ake gaishe da marar lafiya.

Washegari aike ya fara shigowa. Ɗanlami ya aiko da kayan ciki, gidan Liman da farfesu. Mata suna ta yi wa Hansatu sannu, har ta daina kula ni. Ni kuma na kasa ci, don an ba ni ne a matsayin mabuƙaci alhali rumbuna a cike yake. Na kuma kasa mayarwa.

Labari ya kai Ajingi, inda Baffana yake. Ranar Juma'a, an sauko daga masallaci, layinmu cike da jama'a, sai ga Baffana mai kiwon shanu a bayan babur, rungume da ɗan akuya.

"Kai yaro! Har ka kai ga cusa wake a burodi, ina raye ba ka faɗa min ba?"

Na yi sauri na ce, "Baffa, wallahi ba rashi ba ne. Gyatsar shanu ce ke ɗumama duniya."

"Shanun wa?"

"Na... kowa da kowa."

"Har da nawa?"

Ɗanlami ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki don dariya. Liman ya juya baya, kafaɗunsa na rawa (wannan ya fi yi min ciwo). Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni dai ba na komawa da ɗan akuyan nan. Ɗanlami, ɗauko wuƙarka, a yanka shi tun kafin ya yi gyatsa."

Naman da aka ci a gidana makon nan, ko da babbar Sallah ba a ci kamarsa ba. Har yau ina yin bogan wake, ya ma daina wargajewa, amma a tsakar gida muke cinye abinmu. Abin da na koya shi ne, in kana son rage cin nama a unguwarmu, kada ka kuskura ka bari a ji tausayinka.