Ranar da na ɓatar da Kawu a unguwar 'yan Sin

Ina karatu a Malesiya Kawu Sale ya zo daga Gwaram ganin likita. Na kai shi kasuwar unguwar 'yan Sin, ina cika baki wai na san layin sarai.

"Kawu, in cunkoso ya raba mu, tsaya ƙarƙashin jar fitilar nan."

Ya kuwa raba mu. Da na ɗaga kai, ashe layin kakaf jajayen fitilu ne. Tsoho ba waya, ba Turanci! Na yi ta zagaye ina kwala masa kira, gumi sharkaf, ina tunanin me zan gaya wa Inna.

Can na tarar da shi tsaye inda na ce.

"Ɗana, ɓata ka yi?"

Har yau a gida, in na fara kwatance, sai a ce, "Bari dai mu tambayi Kawu."