Rasuwar Rediyon Bas ɗin Tahir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Malam Tahir direba, na wani ƙauye a gefen Minjibir, yana sanar da 'yan uwa da fasinjoji rasuwar rediyon motarsa, wanda ya cika ranar Lahadi bayan la'asar, bayan jinyar mako uku.

An haifi marigayin a ƙasar Japan. Ya iso Kano shekara shida da suka wuce a cikin ƙaramar bas ta hannu da Tahir ya saya, da faifan sidi guda maƙale a cikinsa, wanda ya ƙi fita ko da an zura cokali. Bai taɓa kama tashar gida ba. Abin da ya iya kawai waƙoƙi goma sha ɗaya ne na wata mata mai siririyar murya, tana kaɗa jita tana rerawa cikin harshen da babu mai ji daga nan har Bacirawa.

Da farko fasinjoji sun ƙi shi. Wani dattijo ya taɓa cewa, "Direba, kashe mana kukan aljanun nan." Amma marigayin mai haƙuri ne. Da an murɗa makulli sai ya yi ƙas, ya ɗan yi gyaran murya, ya ɗora daga inda ya tsaya jiya. Ya raka buhunan gyaɗa da gero kasuwa, ya kai amare, ya kai masu naƙuda asibiti. Cikin shekara guda, matan da ke kai daddawa birni sun haddace waƙa ta huɗu, suna cewa mai waƙar mata take kira, don a amshinta akwai inda take cewa "mata ashita".

Babban aikin alherin da za a tuna shi da shi kuwa, a kan Zakiyya ya yi shi, 'yar Tahir ta fari. Yarinyar ta kai shekara biyar ba ta taɓa furta kalma ba. An yi rubutu, an yi tofi, an je asibitin birni, likita ya ce kunnenta lafiya lau, sai dai haƙuri. Wata safiya Tahir na wanke mota a ƙofar gida, waƙa ta huɗu na tashi, sai ya ji wata ƙaramar murya daga kujerar gaba tana bin amshin. Ya saki bokiti. Mahaifiyarta Huseina ta fito da muciya a hannu, ta durƙusa a ƙasa tana kuka. Daga baya wani ɗalibin jami'a da ya hau motar ya ce ma'anar kalmomin ita ce "sai gobe". Daga nan Zakiyya ta samu "ruwa", ta samu "Baba", ta samu "a'a". Kalmominta sun kai ashirin da bakwai, kuma kullum sai ta ji waƙarta da safe bakin yake buɗewa.

Ciwon ajali ya fara ne da ruwan Agusta da ya yi yoyo ta gefen gilashi. Marigayin ya soma in'ina, yana maimaita gaɓa ɗaya kamar mai shaƙuwa. Tahir ya shanya shi a rana, ya binne shi cikin buhun shinkafa kwana biyu, ya kai shi wurin masu gyara uku. Na ukun ya buɗe cikinsa don ya ceto faifan, sai faifan ya fito gida biyu. Rubutun hannun da ke bayansa ya riga ya goge. Babu sunan mai waƙa, babu sunan waƙa.

Marigayin ya bar bas guda, sifika biyu, fasinjoji masu yawa, da Zakiyya, wadda tun da aka cire shi daga mota, yau kwana tara ke nan, ba ta ce uffan ba. Da gari ya waye takan shiga mota ta zauna tana danna ramin da aka cire rediyon. Kunu ma sai an yi da gaske take kurɓa. Tahir ya gwada rera mata da bakinsa, ta toshe kunne. Ya bi shagunan masu tura waƙa a waya yana yi musu gurnanin waƙar, suka saka masa na Indiya da na Koriya. Ya daina fita aiki.

Za a binne marigayin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gindin ɗorawar da ke gonar Tahir, ba wanka ba salla. Iyalan ba sa bukatar a kawo abincin sadaka. Roƙonsu ɗaya ne: duk wanda ya taɓa hawa motar nan, ko sau ɗaya ne, ya zo da abin da ya riƙe na waƙa ta huɗu, ko gaɓa guda ce. Masu manyan wayoyi su zo da cajinsu cike, don a naɗi waƙar. Huseina za ta fara, matan daddawa su karɓa, a harhaɗa ta a bakin kabarin. Za a zaunar da Zakiyya a gaba, kuma Tahir ya rantse ba zai mayar da ƙasa ba sai ta ɗago kai.